CIZON KARE DA AMANAR RAI: DARASI A KAN CIWON HAUKAN KARE

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu, wanda Ya ba mu rai amana, Ya hore mana dabbobi don amfaninmu, Ya ɗora mana haƙƙinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan karo a kan wata cuta yake wadda ke cinye rayuka a garuruwanmu da ƙauyukanmu, alhali kuwa ana iya tsare ta tun da wuri. Ita ce ciwon haukan kare, wadda malaman Larabawa ke kira da'ul kalab. Duk wanda ya taɓa ganin mai wannan ciwo a kwance, yana fama da ƙishirwa ga ruwa a gabansa amma ya kasa haɗiya, ba zai manta ba har ƙarshen ransa. Abin da muke so kowane mai karatu ya riƙe shi ne wannan: tsakanin ranar da kare ya ciji mutum da ranar da ciwon zai bayyana akwai ƙofa a buɗe. Wanda ya shige ta da wuri ya tsira da izinin Allah. In ta rufe, babu likitan da ke iya buɗe ta.

FASALI NA FARKO: MECE CE WANNAN CUTA?

Ku sani, Allah Shi yi mana rahama da ku, wata ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, wadda ido ba ya gani, ke kawo haukan kare. Mazauninta shi ne miyau da ƙwaƙwalwar dabbar da ta kamu. Tana shiga jikin mutum ta wurin cizo, ko yaƙushi, ko kuwa idan dabbar ta lashi wani miki, ko miyanta ya faɗa cikin ido ko baki ko hanci. Idan ta shiga, jijiyoyi take bi sannu a hankali, tun daga wurin cizon har ta kai ga ƙwaƙwalwa.

Wannan tafiya tata takan ɗauki wata 2 zuwa 3 ga mafi yawan mutane. Wani lokaci mako 1 kawai take yi, wani lokaci kuma har shekara guda. Gwargwadon kusancin cizo da kai, gwargwadon saurin isarta. Don haka cizon fuska da wuya da kai ya fi kowane haɗari, sai na hannu da yatsu, saboda yawan jijiyoyin da ke wurin. A nan ne yaudarar wannan ciwo take. Mikin zai warke, tabo ya bushe, iyali su manta da zancen, alhali cutar tana kan hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane kimanin 59,000 kowace shekara, kuma kashi 95 cikin 100 nasu a ƙasashen Afirka da Asiya suke. Kusan kashi 99 cikin 100 na waɗanda suka kamu, daga kare suka ɗauka. Abin da ya fi ciwo shi ne, kimanin 4 cikin kowane 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Dalili a fili yake. Yaro shi ke wasa da ɗan kwikwiyo, shi ke jifar kare a bakin bola, tsawonsa bai wuce bakin kare ba, kuma sau da yawa yakan ɓoye cizon don tsoron bulalar mahaifi.

Ban da kare, mussa tana kamuwa, haka nan dila da kura da jemage. Dabbobin gida kuma, wato shanu da raƙuma da jakuna da dawaki da tumaki da awaki, suna ɗauka idan mahaukacin kare ya cije su. Kaji da sauran tsuntsaye ba su cikin masu yaɗa ta.

FASALI NA BIYU: ALAMOMINTA

Ga kare, alama ta farko ita ce sauyin hali. Karen da aka sani da natsuwa sai ya zama mai cizo ba dalili, ko mai kaifi ya yi laushi ya nemi lungu mai duhu. Sai ya bar gida yana yawo ba kan gado, yana cizon icce da dutse da duk abin da ya gamu da shi, muryarsa ta sauya, miyau yana zuba. Akwai kuma nau'i na biyu wanda mutane ba su cika ganewa ba: kare ba ya hauka, sai dai haɓarsa ta saki, bakinsa ya tsaya a buɗe, ƙafafunsa na baya su mutu. Wannan ma miyansa yana ɗauke da cutar. Karen da alamun suka bayyana gare shi ba ya wuce kwana 10 sai ya mutu.

Makiyaya su lura da kyau. Saniya mai wannan ciwo takan yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, tana dalalar da miyau, kamar wani abu ya maƙale mata a maƙogwaro. Mai ita don tausayi sai ya cusa hannu cikin bakinta yana neman ciro abin, ga shi kuwa hannun makiyayi ba ya rabo da tsaga da miki. Ta haka mutum kan ɗauki cutar ba tare da kare ya taɓa shi ba. Irin wannan dabba ba a gaggauta yanka ta don kada a yi asara, domin mai yanka da mai fiɗa suna cikin haɗari. A kira ma'aikatan kiwo su duba ta.

Ga mutum, ciwon yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai da kasala, tare da ƙaiƙayi ko zafi ko tsira a wurin tsohon cizon. Bayan ƴan kwanaki sai firgita da rashin barci, sai maƙogwaro ya riƙa shaƙewa da zarar ya nufi shan ruwa, har ganin ruwan ko kaɗawar iska su tayar masa da hankali. Wasu kuma jikinsu ne ke mutuwa sannu a hankali daga wurin cizon. Idan aka kai nan, ƙarshen al'amari mutuwa ce cikin kwanaki kaɗan, in ban da wasu ƴan ƙalilan da ake iya ƙirgawa a duk duniya.

Da yawa daga cikin mutanenmu, in sun ga haka, sai su ce iskoki ne, ko maita, ko sammu. A kan haka an sha zargin wanda bai ji ba bai gani ba, an ɓata zumunci, an ɗauki alhakin tsohuwa maƙwabciya. Mu ji tsoron Allah game da wannan zato. Ciwo ne na jiki sananne, wanda likitocin Musulunci na farko suka yi bayaninsa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekara ta 1037 Miladiyya, ya siffanta cizon mahaukacin kare da tsoron ruwa da ke biyo bayansa a cikin littafinsa na likitanci, Alƙanun.

FASALI NA UKU: ABIN YI IDAN KARE YA CIJI MUTUM

Na ɗaya: a wanke mikin nan take da ruwa mai yawa da sabuni, har tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda mutum ke zato tsawo. Ɗaya ya riƙa zuba ruwa da buta, ɗaya yana wankewa. Sabuni yana lalata ƙwayar cutar, ruwa kuma yana fitar da ita daga mikin. Ko wane irin sabuni ne ya wadatar. In babu sabuni a yi da ruwa zalla. Bayan nan, in akwai aidin ko alkol na gidan likita, a shafa.

Na biyu: kada a zuba barkono ko toka ko taba ko ƙasa ko man mota a mikin. Kada a ƙona gashin karen a barbaɗa, kamar yadda wasu suka gada. Kada a tsotse shi da baki, kada a ɗaure shi tamau.

Na uku: a tafi gidan likita a ranar, ba sai an jira ranar kasuwa ko an ga yadda mikin zai yi ba. Idan likitar ƙauye ba ta da allurar, a nemi takardar turawa zuwa babban asibitin da ke da ita, ko da kuwa sai an kai Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai. Wanda kuma cizonsa ya kwana biyu, ko ya yi makonni, kada ya ce lokaci ya ƙure. Muddin alamun ciwon ba su bayyana ba, ya tafi a fara masa.

Na huɗu: a cika allurai duka a ranakun da likita ya rubuta. Dattawanmu suna tuna zamanin da ake yi wa mutum allurai masu yawa a fatar ciki, masu tsananin zafi. Wannan ya wuce. Allurar yau a damtse ake yin ta, ko a cinya ga ƙananan yara, kuma zuwa 3 ne ko 4, gwargwadon tsarin da gidan likita ke bi. Ga misali, akwai tsarin da ake yi ranar farko, sannan bayan kwana 3, sannan bayan kwana 7. Idan cizon ya huda fata, likita na iya ƙarawa da wani ruwan magani da ake tsirawa a cikin mikin da gefensa, don ya tare cutar kafin allurar ta fara aiki. Wanda ya karɓi allura 1 ya daina don ya ga miki ya warke, kamar wanda ya gina katanga ne ya bar gefe guda a buɗe.

Mai ciki da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu wannan allura. Mai azumi kuma kada ya jinkirta ta sai bayan Salla. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekara ta 1997, ta yanke cewa allurar magani da ake yi a fata ko a tsoka ba ta karya azumi. Idan likita ya naɗe wurin kuma yana cikin gaɓoɓin alwala, shafa a kan naɗin ta wadatar, kamar yadda yake a littattafanmu na fiƙihu.

Na biyar: game da karen da ya yi cizon. Idan yana da mai shi kuma ana iya tsare shi ba tare da wani ya shiga haɗari ba, a ɗaure shi a keɓe, ana ba shi ruwa da abinci, a sanar da ma'aikatan kiwo. Za a lura da shi kwana 10 aƙalla, su kuma suna iya kai shi kwana 15. In ya wuce wannan wa'adi lafiya lau, to miyansa ba ya ɗauke da cutar ranar da ya yi cizon. Amma fa ba a zama jiran karen kafin a fara allura. A fara tukuna, likita ne zai ce a tsaya in hali ya nuna haka. Idan kuwa karen ya haukace yana kai wa mutane hari, kashe shi ya halatta, domin Shari'a ta yi izinin kashe kare mai cizo ko ga wanda yake cikin harami. Sai dai kada a taɓa gawarsa da hannu tsirara, kada a bar yara su ja shi a titi, kuma a sanar da ma'aikata domin ta wurin binciken ƙwaƙwalwarsa ake tabbatar da ciwon.

FASALI NA HUƊU: TAWAKKALI DA RIƘON SABABI

Wani zai ce: wanda kwanansa ya ƙare ba allurar da za ta tsare shi. Gaskiya ne ajali yana hannun Allah. Amma wanda ya hukunta ajali Shi ne Ya umurce mu da neman magani. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi da ya ɗaure ta sannan ya dogara. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Shi yarda da shi, yana kan hanyar Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a, kuma ya bayyana cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take.

Tsare rai yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce Shari'a ta zo don kiyaye su: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Saboda haka uban da kare ya ciji ɗansa, ya san da allura, yana da halin kai shi, ya ƙi, to ya tozarta amana. Addu'a da tofi na ayoyin Allah alheri ne, a yi su ana kan hanyar gidan likita. Muna kira ga malamai ƴan'uwanmu musamman: duk wanda aka kawo muku da cizon kare, ku sa a wanke mikin a gabanku, ku yi masa addu'a, ku tura shi likita a ranar. Maganarku ta fi ta kowa nauyi a kunnen jama'a, haka nan alhakin yin shiru.

Allurar nan kuwa an daɗe da jarraba ta. Wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Louis Pasteur ne ya fara yi wa mutum ita a ranar 6 ga watan Yuli na shekara ta 1885, ga wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu har ya manyanta. Hikima kayan mumini ce, inda duk ya same ta ya fi kowa cancantar ɗauka.

FASALI NA BIYAR: HAƘƘIN DA KE KAN MAI KARE

Shari'a ta yi rangwame a ajiye kare don farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona, malamai da yawa kuma sun riskar da tsaron gida idan akwai buƙata. A mazhabarmu ta Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 idan ya sa baki a ciki kuwa bin umurni ne. Amma tsarkin hukunci daban, lafiyar jiki daban. Miyan da fiƙihu bai kira najasa ba yana iya ɗauke da ajali.

Wanda ya ajiye kare ya ɗauki nauyi uku. Na farko ciyar da shi da shayar da shi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da labarin matar da ta shiga wuta saboda mussar da ta tsare ba ci ba sha. Karen da ba a ciyarwa shi ke yawo bola-bola, a can yake faɗa da karnukan da ba a san asalinsu ba, ya kwaso ciwo ya kawo cikin gida. Na biyu tsare shi daga cutar da mutane, musamman da safe lokacin da yara ke tafiya makarantar allo da lekol. Malaman Malikiyya sun ambata cewa wanda ya ajiye kare mai cizo, aka gargaɗe shi bai kula ba, to lamunin abin da ya ɓata yana kansa. Saboda haka mai karen da ya ciji ɗan maƙwabci, abin da ya dace da shi shi ne ya fito ya faɗi gaskiyar halin karensa, ya taimaka da kuɗin magani. Ɓoye karen ko musun cewa nasa ne zalunci ne a kan zalunci.

Na uku, wanda shi ne tushen rigakafin duka, yi masa allura wurin likitan dabbobi tun yana ɗan wata 3, a sabunta ta kowace shekara ko yadda likitan ya faɗa, a ajiye takardarta. Haka nan mussar gida. Kuɗin allurar kare kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da abin da ake kashewa wajen allurar mutum ɗaya da kuɗin mota da kwanakin aikin da ya rasa.

FASALI NA SHIDA: AIKIN JAMA'A BAKI ƊAYA

Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. An gwada haka kusa da mu, a birnin Njamena na ƙasar Cadi, a shekarun 2012 da 2013. An kafa wuraren allura kyauta unguwa-unguwa, aka kai wannan adadi, sai yaɗuwar ciwon tsakanin karnukan birnin ta katse har na wani lokaci, kafin wasu karnuka su sake shigo da shi daga waje. Darasi biyu ke nan: abin yana yiwuwa a ƙasa irin tamu, kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne, domin cikin karya wata 2 ne kawai, kullum sababbin ƴan kwikwiyo suna ƙaruwa.

Watsa guba don kashe karnukan gari ba ya kawar da ciwon. Gubar tana kashe wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba, tana iya faɗawa hannun yaro ko bakin akuya, kuma ba a daɗewa wasu karnukan ke cike gurbin muddin abinci yana nan. Abin da ke tara su shi ne shara da mushe da ragowar mahauta. Sarkin fawa da mutanensa, da masu tuwon sayarwa, da kowane magidanci, su kula da inda suke zubar da saura. A binne mushe, kada a yar da shi bayan gari.

Ga abin da muke ba kwamitin kowane masallaci shawara. Liman ya ware huɗuba ko wa'azi guda a shekara a kan wannan al'amari. Ranar 28 ga watan Satumba ta dace, domin kowace shekara ana tunawa da yaƙi da wannan cuta a ranar a duk duniya, kuma hukumomin duniya sun sa shekara ta 2030 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta dalilin cizon kare. A haɗa kai da mai unguwa da mai gari da magajin gari a nemi ma'aikatan kiwo su sa ranar allurar karnuka, a yi shela a masallatai, maharba da makiyaya da masu garka su kawo nasu. A bincika tun yanzu wane gidan likita ne mafi kusa da ke da allurar mutane, a sanar da jama'a. A buɗe ɗan asusu na taimakon wanda aka ciza ba shi da hali, domin talauci ya hana mutane da yawa cika allurarsu.

Malaman makarantun allo da na Islamiyya su koya wa yara: kada su jefi kare, kada su kusance shi yana ci ko yana barci ko karya tana tare da ɗiyanta, kada su ɗauko ɗan kwikwiyon da suka tsinta. In kare ya nufo yaro, ya tsaya cik kamar icce, kada ya ruga. Almajiran da ke yawo da dare cikin lunguna, nesa da iyayensu, amana ce a wuyan malaminsu, ya riƙa tambayarsu. Iyaye kuma, maza da mata, ku yi wa ɗiyanku alkawari cewa wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, in ya faɗa ba za a buge shi ba. Tsoron bulala ya sa yara da dama yin shirun da ya kai su kabari.

Wanda kuma Allah Ya jarrabe shi ciwon ya bayyana, kada a guje shi, kada a wulaƙanta shi kamar dabba. A kai shi asibiti a sassauta masa raɗaɗi, a ajiye shi wuri mai shiru marar haske da yawa, masu jinya su kiyayi miyansa, a riƙa tuna masa Allah. Ɗaukar ciwon daga mutum zuwa mutum abu ne da ba a cika gani ba, amma wanda majinyacin ya ciza ko miyansa ya taɓa masa miki ya gaya wa likita. A bincika kuma ko akwai wasu da wannan karen ya ciza, domin su ƙofarsu tana iya kasancewa a buɗe har yanzu.

KAMMALAWA

Ya ɗan'uwa mai karatu, kada wannan takarda ta tsaya a aljihunka. Ka karanta wa iyalinka bayan sallar isha'i, ka karanta wa maƙwabcinka da bai iya boko ba. In kana da kare, ka tambayi kanka yaushe rabonsa da allura. In ka san wanda kare ya ciza cikin watannin nan bai je likita ba, ka same shi yau, ka raka shi.

Allah Shi kiyaye mu da zuriyarmu da dabbobinmu daga miyagun cututtuka, Shi ji ƙan waɗanda suka riga mu, Shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, Shi sa mu cikin masu jin magana su bi mafi kyawunta. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.